Wai ɗangon nan ya karye ne, ko kunnen abokina ne?

Abban_Inna:
Slm 'yan zaure, barkanmu da sanyi. Dan Allah masu ilimin waƙa ku zo ku raba mu gardama da wani abokina. Watan nan mahaifiyarmu ta cika shekara da rasuwa, shi ne na ɗan rubuta mata baiti huɗu, ni ba mawaƙi ba ne ɗinki nake a Gwammaja, kawai dai abin ne ya taso min cikin dare na kasa barci. Na karanta wa abokin nawa a shago sai ya ce wai akwai ɗango ɗaya da ya karye, kuma wai karin ya yi gudu da yawa kamar waƙar biki, bai dace da rashi ba. Na ce nuna min wajen, ya ce shi dai kunnensa ne ya gaya masa. Ga ta nan:

Hazo ya rufe mu, gari ya yi sanyi,
Ina kwance, kewa cikin zuciya.

Tukunyarki na nan, kujerarki na nan,
Ina wadda kan ɗauki 'yar muciya?

Ina jin kamar za ki ce tashi Abba,
Idan an kira salla nakan waiwaya.

Ta'ala jiƙan Inna, kai ne Rahimu,
Ka sada mu gobe gidan gaskiya.

To ina karayar take? Kuma da gaske ne akwai karin kuka daban, na murna daban?

Uwar_Biyu:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Inna ya kai haske kabarinta. Ni ban san kari ba ban san karaya ba, amma wajen muciyar nan sai da na ajiye wayar na share ido.

Ɗan_Fagge:
Allah ya gafarta mata. Abba rabu da abokin nan naka, santsi ne kawai. Ni na zauna na ƙirga gaɓoɓin da yatsa, ɗangon farko na kowane baiti 12 ne, na biyu 11, in ban da na waiwaya da ya zo 12, to shi ma ai daidai yake da na samansa. Gaɓa ɗaya ce za a ɗaga wa mutum hankali a kanta?

Malam_Mai_Alli:
Allah ya jiƙan mahaifiya. @Ɗan_Fagge ka gano wajen da kanka amma ka wuce shi. Abokinsa ya yi gaskiya, kunnensa lafiya lau. Waƙar Hausa ba da yawan gaɓa kaɗai ake auna ta ba, da nauyin gaɓa ne da kuma yadda aka jera su. Gaɓa iri biyu gare mu. Akwai marar nauyi, baƙi da gajeren wasali, kamar ci a cikin. Akwai mai nauyi, wadda wasalinta ke da ja ko tagwai ne ko kuma baƙi ya rufe ta, kamar zu a zuciya, wai a waiwaya, kwan a kwance. Marar nauyi muna sa mata v, mai nauyi –. To yanka ɗango na biyu ƙafa-ƙafa, wato rukunin gaɓoɓi, ka gani:

Ina kwan / ce kewa / cikin zu / ciya
v – – / v – – / v – – / v –

Wato fa'ulun fa'ulun fa'ulun fa'al, karin Mutaƙarab kenan tsaf, Abba ya hau shi bai ma san sunansa ba. Yanzu ga na rigimar:

Idan an / kira sal / la nakan wai / waya
v – – / v – – / – v – – / v –

Ka ga la ɗin salla ta tsaya a bakin ƙafa ta uku ba wajen zamanta, ga ta da nauyi. Duk mai rerawa in ya zo nan dole ya yi tuntuɓe ko ya haɗiye ta da sauri. Gyaran ba wuya, ka ce "Idan an yi salla nakan waiwaya", shike nan ta zauna.

Ɗan_Fagge:
Tab. Malam ka mayar da ni aji uku na sakandare, wlh wannan v da layin su suka sa na tsani darasin adabi. Amma na gwada da baki, gaskiya akwai ɗan cije wa a wajen.

Abban_Inna:
Malam na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi, na ga wajen yanzu. Amma fa gyaran nan ya canza min magana. Ba bayan an yi salla nake nufi ba. Inna kiran farko take tashi, kafin ladan ya kai ƙarshe ta zo ƙofar ɗakina ta ƙwanƙwasa da gindin buta, "tashi Abba an kira". Shekara nawa haka, har na yi gemu ba ta daina ba. To yanzu da na ji lasifikar masallacin layinmu sai na juya wajen ƙofa kafin na tuna. In na ce an yi salla ai na bar butar a baya.

Almajirin_Aruli:
Allah ya yi mata rahama. Ƙari kan bayanin Malam, wannan ilimin sunansa aruli, Khalilu ɗan Ahmad Alfarahidi ne ya tsara shi a Basra a ƙarni na 8 na Miladiyya, ya fitar da bahari, wato karin waƙa, guda 15, daga baya Akhfash ya ƙara Mutadarak suka zama 16. Ana ba da labarin wai a kasuwar maƙera ya ji yadda guduma ke sauka ɗaya bayan ɗaya, daga nan tunanin ya zo masa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu bugun shadda ya ji yadda suke amsa wa juna da tabarya zai gane abin da ake nufi. Sannan @Malam_Mai_Alli akwai wurare biyu da ba ka taɓo ba, "rufe mu" a ɗangon farko da "mu gobe" a na ƙarshe, duka v – v ne, fa'ulu ba fa'ulun ba.

Ɗan_Fagge:
Yauwa an zo wajen! To me ya sa waɗannan aka yafe musu, la ɗin salla kuma aka kama ta? Ko a waƙar ma akwai 'yan mowa da 'yan bora ne?

Almajirin_Aruli:
Hhh ba haka ba ne. Wancan zihafi ne, ana ce masa ƙabli, an sauƙaƙa gaɓar ƙarshe ta ƙafar ne kawai, ƙafar tana nan da gaɓoɓinta uku kuma Mutaƙarab ya yarda da shi, kunne ma ba ya jin komai. Ita kuwa la ƙari ce aka cusa, kamar adaidaita sahu ta cika a ce sai ka matsa wa mutum na huɗu a baya.

Bakano_Zalla:
Ni fa abin da ke ba ni mamaki da ku kenan. Bawan Allah ya rubuta wa uwarsa waƙa da Hausa, kun ɗauko awon Larabawa kuna gwada ta. Shata ya san fa'ulun? Kalangu yake bi. Narambaɗa da Ɗanƙwairo kotso suke bi, Ɗanmaraya kuntiginsa, wa ya isa ya ce waƙarsu ta karye? Ko a rubutacciyar ma ai Imfiraji ta Aliyu Namangi daga kiɗan caji aka ce ya ɗauko karinta. Abba ka bar ɗangonka yadda yake, in ka ja murya kaɗan a sal ka dunƙule la na, ba mai ji.

Malam_Mai_Alli:
@Bakano_Zalla ai abokin nasa ya ji, kuma bai san aruli ba, tela ne ko maƙocin tela. Nan ne hujjata. Sunayen ne na Larabci, amma nauyin gaɓar na Hausa ne, da shi aka haife mu. Makaɗin baka ma yana auna gaɓa, sai dai ganga ce ma'auninsa, kuma yana da 'yan amshi da kiɗa da za su rufa masa asiri in ya ja ko ya dunƙule. Mai alƙalami ba shi da kowa, wani ne can zai ɗauki takardar ya karanta ba tare da ya taɓa jin muryarka ba.

'Yar_Dorayi:
Allah ya jiƙan Inna. Ina ganin ku biyun kowa na da rabonsa. Malaman ƙarni na 19, su Nana Asma'u da 'yan'uwanta, da Larabci suka yi karatu, waƙoƙin Larabci suka haddace, dole karuruwan su biyo su cikin Hausa da Fulatanci, kuma abin ya zauna ne don harsunan duk suna bambanta dogon wasali da gajere. Amma ba kowace rubutacciyar waƙa za ka tura cikin 16 ɗin nan ta shiga ba, mun sha fama da wannan a jinga, ka yanka ka yanka ta ƙi, ashe daga waƙar dandali marubucin ya aro karin. Abin da ya fi rikita ɗalibai kuma rubutun boko ne, ba ya nuna ja. A ajami za ka ga alif ko wawu ko ya sun nuna maka wasalin dogo ne, a boko kuwa fito da fito duk ɗaya a ido. Ku duba waƙar Yaya Abba ma, ina ta zo a farkon ɗango sau uku, biyu na "ina kwance, ina jin" ne, ɗaya na tambaya ne "ina wadda", rubutu ɗaya amma a baki na tambayar daga ƙasa yake tashi, ɗayan daga sama yake sauka. Kuma wlh wannan ya yi min kyau, kana tafe da ina, ina, sai tambayar ta faɗo maka a tsakiya.

Mai_Shayi_Kurna:
Ni dai tunda ana maganar waƙa bari na faɗi abin da ke cina kan amsa-amo, wato gaɓar da baitoci ke ƙarewa da ita iri ɗaya. Yaran situdiyon nan na yanzu da nake sha a rediyon shago tun safe har dare, in sun kama "ya" to sai sun ƙare duk kalmar da ke ƙarewa da ya a duniya, rijiya, tsintsiya, kibiya, tunkiya, ko ma'ana ta haɗu ko kar ta haɗu. Kana cikin maganar masoyiya me ya kawo tunkiya dan Allah?

Sadiya_Hotoro:
Hhhhh Mai shayi ka kashe ni. Amma kar a yi musu kuɗin goro, akwai masu rubutu da hankali a cikinsu.

Mai_Shayi_Kurna:
Akwai, amma sai an tona.

Malam_Mai_Alli:
Ba laifin "ya" ba ne, ita ce ma ta fi kowace ƙafiya, wato amsa-amo, yalwa saboda kalmomin jinsin mace da suka cika Hausa masu ƙarewa da iya. Sa'adu Zungur da ita ya ɗaure Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, doguwar waƙa, ba ka jin an jawo kalma da ƙarfi. A ta Abba ma haka, zuciya, muciya, waiwaya, gaskiya, kowace da aikinta ta zo.

Kwankwason_Jimina:
Ni kuma nawa gyaran biyu ne, a yi haƙuri. Na farko ba amsa-amon ciki ko ɗaya, sanyi, nan, Abba, Rahimu, kowa ya kama gabansa. Na biyu waiwaya ba ta yi daidai da sauran ba, su iya ne ita aya. Na ma tuna na uku, ba a buɗe da sunan Allah da salati ba, mu dai yadda muka taso muka ji waƙa tana da mabuɗi da marufi.

Malam_Mai_Alli:
Na farkon ba aibi ba ne. Wannan 'yar ƙwar biyu ce, wato ɗango biyu a kowane baiti, babban amsa-amo wato na waje shi ne wajibi, ƙarshen kowane baiti. Ƙaramin amsa-amo an fi tsananta shi a ƙwar huɗu da ƙwar biyar, inda ɗangogin farko za su yi nasu na ƙarshe ya koma ga babban. Wanda ya yi shi a ƙwar biyu ya ƙara ado ne. Na biyu ma ba komai, gaɓar ƙarshe ake dubawa, baƙi da wasalinsa, ya ce kuma ta zo. Mabuɗi kam al'ada ce mai kyau, in ya so ya ƙara baiti a sama.

'Yar_Dorayi:
Amma Malam ina ga akwai abin da kunnen @Kwankwason_Jimina ya ji wanda bai iya sa wa suna ba. Ku furta su a hankali. Zuciya, muciya, gaskiya duk da sauti sama suke ƙarewa, waiwaya kuwa ƙasa take faɗuwa. Farfesa Dalhatu Muhammad na Zariya ya yi nazari a kan wannan, amsa-amon karin sauti, cewa wasu mawaƙan har hawa da saukar murya suke daidaitawa a ƙarshen ɗango ba harafi kaɗai ba. Ba wai dole ba ne, amma ni a nan faɗuwar ta ma yi min daidai, mutum ya waiwaya bai ga kowa ba, muryar ta sauka.

Bakano_Zalla:
To kin gani, wannan Khalilu bai san da shi ba, namu ne.

Shugaban_Zaure:
Jama'a ana ta tafiya an bar tambayarsa ta biyu a hanya. Ya ce shin karin ya dace da waƙar rashi? Sannan dan Allah masu turo tallan data da atamfa a tsakiyar muhawara, na goge biyu, na uku fita ne.

Almajirin_Aruli:
A nan kam zan ɗan goyi bayan abokin. Wasu malaman sun ce dogayen bahari irin Ɗawil da Basiɗ sun fi ɗaukar magana mai nauyi saboda numfashinsu na da tsawo, shi kuwa Mutaƙarab ƙafa ɗaya ce ake ta maimaitawa, ta-tam-tam ta-tam-tam, kamar sukuwar doki. In ka karanta ta da sauri gsky tana iya yin kama da ta motsa jiki.

Dattijon_Koki:
Assalamu alaikum. Jikana ne ke rubuta min ina faɗa, idon ya yi rauni. Yaro Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya ba ku haƙurin rashi. Mu mun taso lokacin da ake jin su Mudi Sipikin na Hikima Kulob da Alhaji Aƙilu Aliyu na Hausa Fasaha suna rera waƙa a rediyo ba ganga ba fiyano, murya ce zalla. Abin da na koya a wannan sauraro shi ne kari daban rauji daban. Kari ƙashi ne, rauji shi ne muryar da ka ɗora masa. Ku ɗauki Burda da ake karantawa a zawiyoyi da wajen mauludi a garin nan, daga farkonta har ƙarshe Basiɗ ce, ƙafiyarta mimun ce, amma da hawaye da bege ta fara, a ciki akwai gargaɗin zuciya, akwai yabo, akwai yaƙi da dawakai, duk a kari guda. Kuma murya nawa ake karanta ta da ita? Wata ta sa ka kuka wata ta sa ka rangaji. Saboda haka abokinka da gudu ka karanta masa, ko shi ya karanta da gudu. Ka ja ta a hankali ka tsaya a tsakiyar ɗango ka ji.

Batun karaya kuwa Malam ya yi daidai, kai ma ka yi daidai da ka ƙi sakin kiran salla. Ba sai an zaɓi ɗaya ba. Me ake ce wa kiran farkon nan da Hausa? Ka ce:

Kiran assalatu nakan waiwaya.

Malam ya auna ya gani.

Malam_Mai_Alli:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Kiran as / salatu / nakan wai / waya. v – – / v – v / v – – / v –. Ta zauna daram, da zihafin nan guda da aka halatta, kuma ta fi tawa nesa ba kusa ba don ta faɗi ainihin lokacin. Na janye gyarana.

Uwar_Biyu:
Baba ya gama magana. Ni abin da na gani, baƙin cikin waƙar ba a gudu ko rashin gudu yake ba, a kayan da aka lissafa yake. Tukunya na nan, kujera na nan, wannan na nan ɗin da aka maimaita shi ke gaya maka akwai wadda ba ta nan tun kafin a yi tambayar. Duk macen da ta taɓa shiga ɗakin uwarta bayan an share makoki ta san wannan. Ni tsintsiyar tamu ce na kasa taɓawa wata uku, tana jingine a bayan ƙofa inda ta bar ta.

Sadiya_Hotoro:
Kuma kun lura da wanda ake wa magana yana canzawa? Baitin farko shi kaɗai ne da hazo, na biyu da na uku da Inna yake magana kai tsaye, ki ki ki, na huɗu ya juya ga Allah, Inna ta koma wadda ake ba da labarinta. Kamar a nan ne ya yarda ta tafi. Daga kewa aka gangaro dangana. Shi ya sa ni ban goyi bayan a ƙara mabuɗi a sama ba, in aka fara da addu'a wannan gangarowar ta ɓace.

Kwankwason_Jimina:
A'a Sadiya, farawa da sunan Allah ba ya ɓata komai. Magabata da suka yi marsiyya ai da shi suka fara kuma an yi kuka.

Bakano_Zalla:
Ni har yanzu ina kan bakana. Assalatu ta yi daɗi ban musa ba, amma "idan an kira salla" ita ce maganar da ta fito daga bakinsa da daddaren, kuma tuntuɓen da kuke cewa, a daidai wajen da mutum ke juyawa ya ga ba kowa, to ba sai muryar ta sarƙe ba? Wani lokacin karayar ita ce waƙar.

Almajirin_Aruli:
Wannan in gwani ne ya yi da gangan sai a ce salo, in mai koyo ne sai a ce kuskure, kuma shi da bakinsa ya ce bai san ta karye ba hhh.

Ɗan_Fagge:
To ni ma na samo nawa tunda kowa ya zama malami. 'Yar muciya. Abba tsakaninka da Allah muciyar Inna ƙarama ce, ko dai 'yar ɗin cikon kari ce?

Abban_Inna:
Kai Ɗan Fagge ka kama ni wlh. Ƙatuwa ce, tuwon gidan mutum goma sha take tuƙawa da ita, mu ma ta sha sauka a bayanmu muna yara. Da na ce "ɗauki muciya" sai na ji wani rami a bakina shi ne na cusa 'yar, ashe aunawa nake ban sani ba. Baba Dattijo na gode, Allah ya saka da alheri, na rera da assalatu yanzu a shago bayan an ɗauke wuta keke ya tsaya, a hankali yadda ka ce, abokin nawa yana zaune bai ce uffan ba. Amma maganar Bakano ma ta tsaya min a rai, na rubuta duka biyun a bayan littafin awo, ban goge ko ɗaya ba tukuna.

Malam_Mai_Alli:
'Yar ɗin ba lallai ƙanƙanta take nufi ba, Bahaushe na sa ta don shauƙi, kamar ka ce 'yar tsohuwata. Ni zan bar ta.

Ɗan_Fagge:
Malam yanzu kuma kai ne lauyan ciko?

Maman_Walid:
Abba ashe nan ka kawo ta ba ka turo mana a zauren gida ba. Muciyar tana wajena, ni na ɗauke ta ranar rabon kaya, kuma ba 'ya ba ce ko kaɗan. Ka turo min da murya in ji wanne ya fi, na kira sallar ko na assalatun.